Yadda Na Hana Teku Surutu a Falona

Duk wanda ya taɓa kwana a Briqueterie, ko Birik kamar yadda muke ce mata, ya san ba unguwar shiru ba ce. Tun kafin asuba lasifikokin masallatai ke karɓa wa juna. Gari na wayewa kekunan teloli su ɗauka, 'yan babur su cika layi da ham, masu atamfa da shadda su buɗe shaguna. Da yamma kuwa hayaƙin suya ya tashi, mutanen Yawunde su kwararo daga kowace kusurwa, ana ciniki da Hausa da Fulatanci da Faransanci har tsakar dare. In an ɗauke wuta, janareto su karɓa. Mu da aka haifa a nan kunnenmu ya saba, duk wannan ba ya hana mu barci. Sai dai kunne yana da wata ɗabi'a: yakan yafe wa hayaniyar titi, amma ba ya yafe wa ɗigon famfo a cikin ɗaki. Wannan ɗabi'a ce ta kusa hana ni cika wani buri da na daɗe da shi, wato ajiye kifin teku a cikin akwatin gilashi a gidanmu.

Na san wani zai ce, ina ruwan Bahaushen Yawunde da teku? Garin yana kan tsaunuka, kimanin mita 750 sama da bakin teku, kuma kafin mutum ya ga ruwan gishiri sai ya sha tafiyar sa'o'i a mota zuwa Kiribi ko Limbe. To amma in an duba, teku ta daɗe a gidan Bahaushe. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi ƙwanson wata dabbar ruwa ce, mafi yawansa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya. Murjanin da ke wuyan amare kuwa ƙashin wata halitta ce da ake cirowa daga Bahar Rum, fatake suka ƙetaro Sahara da shi. Mun riƙe gawar teku shekaru aru-aru. Ni dai so na yi 'ya'yana su gan ta da rai.

Karon farko da na ga irin wannan akwati a Duwala ne, a gidan wani abokin ciniki. Kifaye masu launi kamar an yi musu rini, duwatsu farare, ruwa garau. Amma abin da na dawo gida da shi a kunne ba kyan ba ne, ƙarar ce. Bayan kowane ɗan lokaci sai ka ji akwatin ya yi wani irin kurkura, kamar an ja ruwan masai. Mai gidan ya ce shi ya saba. Ni kuwa na san a gidanmu ba za a saba ba.

Tsakanin falona da ɗakin Baba bango ɗaya ne na bulo, silin ɗinmu kuma na katako ne, a haɗe. Tun da hawan jini ya kwantar da shi barcinsa ya zama kamar na zomo. Yakan samu 'yan sa'o'i bayan isha, ya farka wajen ƙarfe uku ya yi nafilfilunsa, kuma likita ya ja mana kunne a kan waɗannan 'yan sa'o'in. Da na kai masa maganar, ya saurare ni har na gama. Baba ba ya kiran sunana, kasancewar ni ne ɗan fari.

"Kai, kifin nan ci za a yi?"

Na ce, "A'a Baba, na kallo ne."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kuɗinka ne. Amma daren da na ji motsinsa, da safe ya bar gidan nan."

Ba wasa yake yi ba, kuma gaskiyarsa ce. Da wannan sharaɗi na fara aiki.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayanin inda ƙarar take fitowa, domin ba kifin ne ke yin ta ba. Akwatin kifin teku yawanci hawa biyu ne. Akwai na sama, wanda ake kallo. Akwai kuma ƙaramin tanki a ɓoye cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashinsa, inda ake tace ruwa, ake ajiye na'urori. Inji yana tura ruwa daga ƙasa zuwa sama ba dare ba rana. Ruwan da ya yi yawa a sama sai ya tsallake wani ɗan shinge, ya faɗa cikin wani ƙaramin aljihu, ya bi bututu ya koma ƙasa. Wannan aljihu da bututunsa shi nake kira makwarara. Aikinta ɗaya da na indararo a gidan soro: ta karɓi ruwan da ya taru a sama ta sauke shi inda ake so. Amfaninta babba ne, domin ruwan saman take kwashewa, inda maiƙo da datti ke taruwa su hana iska shiga ruwa. Amma duk wanda ya taɓa kwana kusa da indararo da damina ya san ba ya aiki da baki a rufe.

Kafin in kai ga makwarara sai da na gama da jikin akwatin. Na sa aka yanka mini gilashi mai kaurin milimita 12, tsawo santimita 120, faɗi 50, tsayi 50. Lita 300 ke nan. Tankin ƙasa kuma yana cin lita 112 in an cika shi. In ka haɗa ruwa da gilashi da duwatsu da yashi, nauyin ya kai na buhun siminti goma, saboda haka maƙerin da ya yi mini teburin sai da na zaunar da shi muka yi lissafi, aka kuma shafe ƙarfen da fenti hawa uku, don gishiri ba ya ga-maciji da ƙarfe. Gilashin na gargajiya na nema, ba wanda aka gasa ba, domin gasasshen ba ya hujuwa, kana taɓa shi da abin huji zai tarwatse. Silikon ɗin da aka liƙe shi ma sai wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, don maganin guba ne ga kifi. Haka kan famfo na tagulla da suka cika kasuwar Mokolo, ko ɗaya bai shiga aikin ba. Tagulla tana kashe dodon koɗi da murjani da duk wata halittar teku marar ƙashin baya. Komai na roba ne.

Ruwan ma ba na Kiribi ba ne, ko da yake mutane da yawa sun ba ni shawarar in aika da jarkoki. Ruwan babbar teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Na gaɓarmu kuwa koguna irin su Sanaga da Nyong da Lobe da ruwan sama mai yawa sun tsarma shi, ga laka, ga abin da gari ke zubarwa. Gishirin miya kuma ba ya yi, domin ruwan teku ba gishiri kaɗai ba ne, akwai sinadarai da dama a cikinsa. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa don wannan aiki, shi na saya daga Duwala, wajen kilo 13 a zubin farko, na dama shi da ruwan da na'ura ta tace tas.

Yanzu ga maganar ƙara. Na kafa akwatin a tsakar gida tukuna, na cika shi da ruwan famfo, na yi kwana goma ina gwaji kafin ya ga falo. Gwajin farko da bututu ɗaya na yi shi, don in ji da kunnena abin da ke faruwa. Abin da na fahimta shi ne, ruwa shi kaɗai ba shi da surutu, iska ma ita kaɗai haka. Rigimar tana tashi ne in an haɗa su a hanya ɗaya. Ruwa yana son sauka, yana jan iska tare da shi, iskar kuma tana neman hawa. Bututun ya cika ya zuƙe ruwan aljihun gaba ɗaya, ya shaƙi iska, ya shaƙe, ya sake cika. Wannan kokawar ce kurkurar da na ji a Duwala.

Masu wannan sha'awa a Amurka sun daɗe suna fama da matsalar, kuma dabaru uku ne suka yi suna a tsakaninsu. Ta farko ana kiran ta Durso: bututu ɗaya mai lanƙwasasshen kai da ke nutse a ruwa, da ɗan huji a samansa don iska ta shiga a hankali. Tana rage ƙara, amma ba ta kashe ta, domin har yanzu ruwa da iska suna hanya ɗaya. Ta biyu Herbie, mai bututu biyu. Ta uku BeanAnimal, mai bututu uku. Biyun ƙarshen nan tushensu ɗaya: a raba ruwa da iska, kowa ya kama gabansa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa ganin ana zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo ya san ta. Muddin tiyon a cike yake, babu ko ɗigon iska a ciki, fetur zai yi ta gudu da ƙarfi ba tare da ko ƙis ba. Iska na shiga sai ka ji ya fara tari. To, haka bututun farko yake aiki. Bakinsa yana nutse sosai a cikin aljihun, ƙarshensa kuma yana nutse kamar santimita 3 a cikin ruwan tankin ƙasa, babu ta inda iska za ta shiga. Matsalarsa ɗaya: zari. Bututu mai faɗin milimita 25 in ya cika yana iya janye ruwan da ya fi wanda injina ke turowa, wato kusan lita 1,400 a sa'a. In an bar shi zai zuƙe aljihun ya koma tari. Saboda haka ake sa masa bawul a ƙasa, a riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan har abin da yake ja ya kusa daidai da abin da inji ke kawowa, ya gaza da ɗan kaɗan. Bawul mai zare na nema, wanda ake juyawa sau da yawa kafin ya rufe, don mai hannu ɗaya ba ya karɓar lallashi: ka taɓa shi kaɗan ya wuce gona da iri.

Ɗan ragowar da bututun farko ya bari shi ne abincin na biyu. Wannan a buɗe yake, iska na shiga ta samansa ta wani siririn tiyo. Amma da yake ruwan da ke bin sa ɗan kaɗan ne, sai ya lafe a jikin bangon bututun ya silale, iska kuma ta tsaya a tsakiya. Ba su taka juna ba, babu abin faɗa. Shingen da ruwa ke tsallakewa kuwa na yi shi dogo, kusan tsawon bayan akwatin duka, don ruwan ya bazu ya zama siriri kamar mayafi. Na kuma daidaita ruwan cikin aljihun ya tsaya kusa da bakin shingen, tazarar ba ta wuce santimita 2 ba. Ruwan da bai faɗo daga nesa ba, ba ya kuka.

Daren da na gama daidaita bawul ɗin, na tsuguna a tsakar gida na kara kunne a jikin bututun. Lita 1,400 na wucewa ta gefen kumatuna a kowace sa'a, amma abin da nake ji shi ne rediyon maƙwabci.

Mai gyaran famfon da ya taya ni aikin, wani dattijo ɗan ƙabilar Bamileke, ya tsaya yana kallon bututu na uku. Shi wannan ya fi sauran faɗi, milimita 32, bakinsa yana kallon sama, ya ɗara ruwan aljihun da yatsa biyu, a bushe ƙamas.

Ya ce da ni da Faransanci, "Alhaji, wannan fa? Ka huda gilashi, ka sayi bututu, ga shi ba ya shan ruwa."

Na ce masa, "Wannan mai gadi ne. Ranar da ya sha ruwa, akwai matsala."

A nan ne, a ganina, duk hikimar abin take. Bututun da aka matse wa wuya da bawul don ya yi shiru, shi ne ya fi sauƙin toshewa. Ganye ɗaya na ciyawar ruwa ko ɗan dodon koɗi ya isa. In ya toshe kuwa inji bai sani ba, zai ci gaba da turo ruwa har akwatin ya yi ambaliya, ruwan gishiri ya bi tabarma da darduma ya kai ga wayoyin wuta. Shirun da aka samu ta hanyar matsewa, in ba a tanadar masa mafita ba, hatsari ne. Shi ya sa bututu na biyu yake da waccan dabarar ta siririn tiyo: bakin tiyon a lanƙwashe yake, yana rataye dab da saman ruwa, ruwan na hawa zai rufe shi, iska ta yanke, bututun ya rikiɗe ya zama mai zuƙa da cikakken ƙarfi. In shi ma ya gaza, na ukun ya karɓa. Kuma da gangan na yanke ƙarshen na ukun ya tsaya sama da ruwan tankin ƙasa da kusan taƙi guda, yadda duk ruwan da ya biyo shi zai faɗo da ƙara. Biyu na hana su magana, ɗaya na bar masa baki.

Akwai dalili na biyu da ya sa na zaɓi mai bututu uku, shi ne wuta. A unguwarmu ɗauke wuta ba labari ba ne, kuma ba ta sallama in za ta tafi ko za ta dawo. In inji ya tsaya, ruwan sama zai ci gaba da sauka har ya kai ƙasan shinge, bututun da ke kai ruwa sama ma zai juya ya riƙa zuƙo shi baya. Na yi lissafi: faɗin saman akwatina, kowane santimita ɗaya na zurfi lita 6 ne. Na huda ɗan rami a bututun hawan, dab da ƙarƙashin saman ruwa, don ya shaƙi iska ya daina zuƙa da wuri. Da wannan, abin da ke komawa ƙasa bai wuce lita 25 ba. Tankin ƙasa kuwa ba na zuba masa fiye da lita 65, sauran wurin na baƙon ruwa ne. In wuta ta dawo ina kasuwa, bututu na biyu da na uku su riƙe ruwan na ɗan lokaci, har na farkon ya fitar da iskar cikinsa ya koma aiki da kansa. Na kashe wuta na kunna ya fi sau ashirin a tsakar gida ina kallo, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na kuma tanadi ƙaramin injin iska mai batir, saboda ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar shaƙa ba, in ya tsaya cik na sa'o'i kifi zai galabaita.

Bayan an shigar da akwatin falo an zuba ruwan gishiri, sai aikin haƙuri. Kashin kifi yana zama amoniya, ita kuwa guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin duwatsu suna juya ta zuwa wani sinadari, wasu kuma su juya wannan zuwa wanda bai kai su cutarwa ba. Kafin su yi yawa sai an yi mako huɗu zuwa shida. Na jefa ɗanyen jatan lande guda ɗaya ya ruɓe a ciki don ya zama abincinsu, abin da ya ba yarana dariya, tun da a makaranta an koya musu cewa daga sunan jatan lande da harshen Fotugal aka samo sunan Kamaru. Makonni shida baƙi suna shigowa su tarar da akwati cike da ruwa da duwatsu babu kifi. Wata gwaggona ta duba ta duba, ta ce, "Ɗan nan, ko dai randa ce ta 'yan boko?"

Kifi biyu na fara sawa, irin masu ruwan lemo da farin ɗamara uku, waɗanda yara suka sani a fim ɗin Finding Nemo. Na nemi waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, ba waɗanda aka kamo a teku ba, domin a wasu sassan Filifin da Indonesiya da guba ake sumar da kifin ado a kama shi, murjanin wurin kuma ya mutu. Sai dodon koɗi guda shida masu share gansakuka. Yanayin Yawunde ya taimake ni, don ruwan yana son zafin digiri 24 zuwa 26, garin kuma bai cika nisa da haka ba. A watan Fabrairu da Maris ne kawai nake kunna ƙaramar fanka a kan tankin ƙasa. Kullum da safe nakan ƙara ruwan daɗi a madadin wanda ya tashi, tun da ruwa ne ke bin iska, gishiri yana nan.

Wata biyu Baba bai ce komai ba. A wurinsa wannan yabo ne. Daga baya ya fara shigowa falon bayan la'asar, a jawo masa kujera, ya zauna da carbinsa yana kallon kifayen suna kai da kawo. Ran nan na ji yana gaya wa ƙaramar 'yata cewa an ambaci murjani a cikin Suratur Rahman.

A wata na biyar ne, wajen ƙarfe biyu da rabi na dare, na ji ana buga bango. Na tashi a firgice, zatona jikinsa ne. Ina buɗe ƙofar falo na ji ruwa na zuba shaa a cikin kabad. Dodon koɗi ɗaya ne ya tsallake shinge ya liƙe a bakin bututun farko. Na biyun ya ɗauki abin da zai iya, ragowar ta hau ta bi na ukun, shi kuma ya yi abin da aka ajiye shi dominsa. Ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Na cire dodon koɗin na mayar da shi cikin duwatsu, cikin minti biyu falon ya koma tsit.

Da safe na je gaishe shi, gabana na faɗuwa, don sharaɗi sharaɗi ne.

"Baba, ina kwana? Jiya an tashe ka."

"Lafiya lau. Me ya same shi?"

Na yi masa bayanin bututun uku, da dalilin da ya sa na bar ɗaya da ƙara. Ya ɗan jima yana jan carbi.

"Wato ba ya kuka sai da dalili."

"Haka ne, Baba."

"To, ai ba shi na hana ba. Mai surutun banza na hana. Bar shi."

Tun daga ranar na sa raga a bakin shingen don masu yawon dare. Kuma duk ranar Juma'ar farko ta wata, bayan an sauko daga masallaci, nakan tara yaran a gaban akwatin in rufe bawul ɗin gaba ɗaya da hannuna. Mu ga ruwa ya hau, mu ji na biyu ya kama, in toshe shi da tafin hannu, mu ji na uku ya fasa ƙara. Ina so kowa a gidan ya san wannan muryar, ya kuma san wace waya zai zare in ya ji ta ba na nan. Wanda duk ke da niyyar kafa irin wannan akwati a gidan haya ko gidan gado mai yawan jama'a, shawarata gare shi ita ce ya fara kashe kuɗinsa a kan bututun da yake fatan ba zai taɓa jiƙewa ba, kifi ya biyo baya. Allah ya sa mu dace.